Odar Abinci ta WhatsApp ga Mai Cutar Siliyak: Sharhi Kan Wani Shago a Birnin Kebbi

Akwai wani shago a Birnin Kebbi da ke tallata kayansa a Facebook da Instagram, ya karɓi oda ta WhatsApp, a tura masa kuɗi ta banki, sannan ɗan kabu-kabu ya kawo saƙo har ƙofar gida. Yana sayar da kayan masarufi, yana kuma da ɓangaren dafaffen abinci. Mafi yawan masu hulɗa da shi farashi da saurin kawowa suke dubawa, kuma ta waɗannan fuskoki biyu ba shi da laifi. Ni kuwa 'yata tana da cutar siliyak, don haka abin da nake tambaya game da kowane kaya shi ne ko alkama ta taɓa shi. Ba zan ambaci sunan shagon ba, domin a cikin abin da zan faɗa akwai yabo, akwai kuma ƙorafi.

Dole in ɗan yi bayanin cutar, tunda a kanta hukuncina ya dogara. A cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen Turai da ake kira rai akwai wani furotin mai suna gulutin. Idan mai siliyak ya ci shi, garkuwar jikinsa takan juya ta far wa ƙaramin hanjinsa, ta lalata 'yan tsiron da ke tsotse amfanin abinci, sai a ga gudawa da kumburin ciki da ƙarancin jini da rama, yaro kuma ya ƙi girma ko da yana cin abinci sosai. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya tabbatar da alaƙar cutar da alkama a shekarun 1940, kuma har yau babu wani magani da ya wuce ƙaurace wa gulutin har ƙarshen rayuwa. An ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana ɗauke da ita. Masu cewa cutar Turawa ce su sani cewa binciken da aka wallafa a 1999 a kan yaran Sahrawi, 'yan asalin Yammacin Sahara, ya samu cutar a jikin fiye da kashi 5 cikin 100 nasu. Ƙa'idar Codex Alimentarius, hukumar da ke tsara ƙa'idojin abinci ta duniya, kuwa ita ce, ba a kiran abinci marar gulutin sai idan gulutin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba, wato ɗan ɓurɓushi kaɗan ya isa ya ɓata kwano guda.

Ta fannin tsabar hatsi da kayan miya, shagon ya cancanci yabo. Mu a Kebbi Allah ya hore mana shinkafa, kuma wadda shagon ke kawowa a ɗinke take cikin buhunta tun daga masana'anta, babu hannun da ya shiga ciki. Gero da dawa da masara da wake suna zuwa a tsabarsu, kowanne a ƙulle cikin ledarsa, haka ma acca idan an samu. Albasar Aliero da busasshen kifin Yawuri da kuka da kuɓewa da daddawa duk ban taɓa samun matsala da su ba. Abin da ya fi burge ni shi ne halin Hajiyar da ke da shagon game da kayan gwangwani da na kwali. Na roƙe ta ta riƙa ɗauko mini hoton bayan kwali, inda ake jera abubuwan da aka haɗa kayan da su, kafin in biya. Da na nemi wani dunƙulen ɗanɗanon miya, hoton farko ya zo a dushe, hasken fitila ya haske rubutun, sai ta fita da kwalin waje ta sake ɗauka a hasken rana, ta turo tare da cewa, "Maman yara, duba da kyau, ni ban san abin da kike nema a ciki ba." A layi na biyu na jerin aka rubuta garin alkama. Ta ci gaba da ɗauko mini hotunan wasu har muka dace da wanda babu, kuma ba ta nuna gajiya ba.

Matsala tana farawa ne daga inda aka niƙa hatsi. Shagon yana sayar da garin gero da na masara da na dawa a leda, farare tas, kuma da na tambaya Hajiya ta ce gero ne zalla, ba ta haɗa shi da komai ba. Gaskiya ta faɗa, sai dai a injin unguwa ake niƙa mata, injin da ke niƙa wa kowa. Jiharmu tana noman alkama da rani, kuma shirin ba manoma rance da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 ya haɗa da shinkafa da alkama. Matan gari kuwa suna kai alkamarsu inji domin alkaki da funkaso, musamman a lokacin biki da azumi. Babu mai injin da zai kwance haƙoran injinsa ya wanke tsakanin niƙa da niƙa, don haka garin da ya biyo bayan alkama yana ɗauke da ragowarta. Haka mudun da aka auni fulawa da shi, da rariyar da aka tankaɗe ta. Abin da nake yi shi ne in sayi tsabar, in tsince, in wanke, in shanya, in niƙa a ƙaramin injinmu na gida wanda alkama ba ta taɓa shiga ba. Aiki ne, kuma rage irin wannan aikin ne ya sa mutum yake yin oda tun farko.

Ɓangaren dafaffen abinci shi ne inda ba zan ba mai siliyak shawarar ya kusanta ba. Abincin yana da daɗi, sauran mutanen gida suna yaba tuwon shinkafarsu da miyar taushe, amma wadda ke amsa saƙo a waya daban, masu girki a kicin daban, kuma bayanin da ka rubuta ba lallai ya isa bakin murhu ba. Na yi odar waina na rubuta dalla-dalla cewa kada a sa fulawa, aka amsa mini da "babu fulawa, in sha Allah." Yarinyar ta ci, ta kwana da murɗar ciki da gudawa. Da Hajiya ta bincika sai ta gano cewa mai ƙullin takan zuba ɗan garin semo domin wainar ta yi laushi, kuma ba ta san cewa daga alkama ake yin sa ba. Hajiya ta kira da kanta ta ba da haƙuri, ta mayar da kuɗin, ta kuma sake kira washegari ta tambayi jikin yarinyar. Na yaba da wannan, ko da yake hanjin da ya ƙwaru yana ɗaukar lokaci kafin ya koma daidai. Daga baya na fahimci cewa ɗanwakensu da fulawa ake kwaɓa shi, ƙosai da fanke kuma mai ɗaya suke shiga, kifin suya ma ana barbaɗa masa fulawa.

Akwai kuma ɗabi'ar musanya kaya. Idan abin da ka zaɓa ya ƙare, yaran shagon sukan sa makamancinsa ba tare da tambaya ba, suna ganin alheri suka yi. An taɓa musanya mini taliyar shinkafa, mai ɗauke da alamar zangarniyar alkama da aka ja wa layi, wato alamar marar gulutin, da taliyar fulawa ta yau da kullum, kuma da na yi magana yaron ya nuna mini cewa ai wannan ma tana da lambar NAFDAC. Lambar tana nuna rajistar kayan ce kawai, ba ta cewa komai game da gulutin. Irin waɗannan kaya masu alama daga Legas ko Abuja ake kawo su, suna da tsada, kuma ba kullum ake samun su ba. Yanzu a kan kowace oda nakan rubuta cewa idan babu, a bari kawai, kuma tun daga nan ba a sake ba.

Kawowa ba ta da wata matsala, sai dai ranar Juma'a da ranar da aka yi ruwa akan yi jinkiri, kuma nakan roƙi a ware ledata daga burodin wasu masu oda da ke cikin akwatin babur ɗin.

Na ba Hajiya shawarar ta sayi ƙaramin inji ta keɓe shi ga gero da dawa da masara da shinkafa kaɗai, ta rubuta hakan a jikin ledar garin. Ta ce za ta duba bayan kaka idan kasuwa ta buɗe. Kafin nan, tsabar hatsi da kayan miya da kayan kwalin da na ga hoton bayansu kawai nake saye a wurinta.