Kwalaben ruwan inabi a kantunan Sakkwato: wanne za a saya, wanne za a bari

Kusan duk babban kantin da ka shiga a Sakkwato, ko a titin Ahmadu Bello ne ko a Mabera, za ka tarar da kanta guda da aka jera dogayen kwalabe masu wuya naɗe da takardar gwal, waɗanda yaran kanti ke ce wa wayin. Ana sayensu don walima da liyafar biki da kai gaisuwa gidan surukai, kasuwarsu kuma ta fi tashi da azumi da sallah. Kwalaben kamarsu ɗaya, kowace santilita 75, amma abin da ke ciki iri uku ne, kuma ba farashi kaɗai ne ke raba su ba. Hanyar da aka bi aka yi su ce.

Tushen maganar shi ne sukari. Ruwan inabin da ya nuna sosai yana ɗauke da giram 150 zuwa 250 na sukari a lita guda. A jikin ɓawon inabi da cikin iska akwai ƙwayoyin yis, waɗanda da zarar sun samu ruwan sai su soma cin sukarin suna fitar da sinadarin barasa da gas. Kimanin giram 17 na sukari a lita shi ke ba da kashi 1 cikin ɗari na barasa, shi ya sa giyar inabi ta yau da kullum take tsakanin kashi 11 zuwa 14. Wato ruwan inabi da kansa yake komawa giya idan aka ƙyale shi. Aikin mai yin ruwan inabi na halal shi ne ya hana hakan faruwa tun daga farko.

Iri na farko, wanda muke ba da shawarar a saya, shi ne ruwan da aka matse aka dumama shi nan take har yis ɗin ya mutu, aka rufe shi a kwalba ba tare da ya taɓa ruɓa ba. Wanda ya yi suna da wannan hanya wani likitan haƙori ne a Amurka, Thomas Welch, wanda a 1869 a garin Vineland na jihar New Jersey ya bi dabarar dumamawa ta masanin kimiyya Louis Pasteur don ya samar wa majami'arsu ruwan inabi marar sa maye. Kamfanin Welch's daga nan ya samo asali. Inabinsu mai launin shuɗi-baƙi sunansa Concord, ana nomansa a gaɓar tafkin Erie da kwarin Yakima a jihar Washington, kuma ƙamshinsa yana da ƙarfi ƙwarai, shi ne ƙamshin da masu yin alewa da cingam ke kwaikwayo. Ruwansa na da kauri da ɗan bauri a ƙarshen harshe, wanda ke fitowa daga ɓawo. Wanda ya saba da lemon kwalba zai ji ya yi masa nauyi. A zuba masa ruwan sanyi kashi ɗaya cikin uku, ya fi daɗi haka, musamman a kan gasasshen nama.

Masu gas kuwa na wannan iri na farko, waɗanda su aka fi gani a teburin biki, daga ƙasashe daban-daban suke zuwa. Eva daga Sifen take, Chamdor daga Afirka ta Kudu. Ba abin mamaki ba ne. Sifen ce ta fi kowace ƙasa a duniya faɗin gonakin inabi, kuma a tudun La Mancha da ke kudu da Madrid, inda bazara ke da zafi da fari, ana noman wani farin inabi mai suna Airén mai jure ƙishirwa, wanda kaso mai yawa nasa ruwa ake matsewa a sayar wa masana'antu. Afirka ta Kudu kuma tun 1659 ake matsar inabi a yankin Cape, a yau gonakin Stellenbosch da Paarl sun shahara a duniya, kuma girbinsu yana faɗowa tsakanin Janairu da Maris, lokacin da Turai ke cikin sanyi. Gas ɗin da ke cikin waɗannan kwalabe da inji ake dura shi, kamar na lemon kwalba, ba daga ruɓawa ya fito ba. A baki sun fi na Concord sauƙi, zaƙinsu a gaba yake, tsaminsu kaɗan. Farin ya fi sanyaya maƙogwaro a zafin Afirilu, jan ya fi dacewa da abinci mai maiƙo. Sai dai kowane kamfani yana da kaya iri-iri a ƙarƙashin suna ɗaya, wani inabi zalla, wani gauraye da tufa ko wani ɗan itacen, don haka suna kaɗai bai isa ba, sai an juya kwalba an karanta bayanta.

Da yawa za ka ga an rubuta "from concentrate". Wannan ba aibu ba ne. Ana ƙafar da ruwan ne har sukarinsa ya kai wajen kashi 65 cikin ɗari don ya yi sauƙin ɗauka a jirgin ruwa kuma kada ya lalace, in ya isa masana'anta a mayar masa da ruwansa. Ƙamshi yana ɗan raguwa, shi ke nan.

Iri na biyu shi ne mai arha, kuma shi ya fi cika kanta. A jikinsa "drink" ake rubutawa, ba "juice" ba. Doka ta sa a jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, to idan ka ga ruwa ne a farko, sukari na biyu, inabi ya zo na uku ko na huɗu da ɗan kaso ƙalilan, sannan ga lambar launi irin E122 ko E129, lemon kwalba ne aka sa wa babbar riga. Babu haramci a ciki, amma ba inabi ka saya ba. Ana gane shi a kofi: launinsa ja ne wur mai ƙyalli, yana rina harshe, zaƙin na gushewa bakinka ya koma fayau babu abin da ya rage. Wanda zai ciyar da mutum ɗari biyu, zoɓo mai kyau da citta da kanumfari ya fi masa wannan daraja da sauƙin kuɗi.

Iri na uku ne ke buƙatar natsuwa. Ba shi da yawa a kantunanmu, ya fi shigowa a kwandon kyauta daga Abuja ko Legas, amma yana ƙaruwa. Wannan giya ce cikakkiya da aka bari ta ruɓa ta gama, daga baya aka cire mata barasar. Alamarsa kalmar "dealcoholised" ko "alcohol removed". Hanyoyin cirewar uku ne. Barasa na tafasa a digiri 78, amma idan aka zuƙe iskar cikin tukunya sai ta tashi a wajen digiri 30, ba tare da an dafa giyar ba. Gidan Carl Jung da ke Rüdesheim a gaɓar kogin Rhine a Jamus tun farkon ƙarni na 20 yake wannan sana'a. Akwai kuma tacewa ta wata matata mai ƙananan ƙofofi da ƙarfin matsi, da wani inji mai juyawa da aka ƙirƙiro a Ostireliya wanda ke fara ware ƙamshi a ajiye, a cire barasa, sannan a mayar da ƙamshin. Manyan gidajen giya sun shiga harkar, misali gidan Torres na yankin Penedès kusa da Barcelona yana da nasa mai suna Natureo. A dokar Tarayyar Turai ta 2021, ana iya kiran abu da wannan suna matuƙar barasar da ta rage ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba, wato kusan mililita 4 a kwalba guda.

Ba adadin ne kaɗai abin dubawa ba, asali ne. Majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya a 2011 ta yanke cewa abin shan da aka yi da niyya da hanyar yin giya haramun ne ko da an cire barasarsa daga baya, kuma ta bambanta shi da ɗan abin da ke samuwa da kansa a ruwan 'ya'yan itace. Akwai masu ba da shaidar halal a wasu ƙasashe da ke sassautawa idan barasarsa ta sauka zuwa kashi 0.0. Mu dai shawararmu ga mai saye a Sakkwato ita ce ya bar shi a kanta, tunda ga wanda babu saɓani a kansa a gefensa. Ko ta fuskar ɗanɗano ba ka yi asara ba: in aka cire barasa jikin abin yana tafiya da ita, ya koma tsararo mai tsami, har sai an ƙara masa ruwan inabi ko sukari kafin ya shawu.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne giya ta gaske da ke shigowa a kwandon kyauta ba a sani ba. Moscato d'Asti na yankin Piedmont a Italiya barasarsa wajen kashi 5 ce, zaƙi gare shi da gas kamar ruwan inabi. Lambrusco na Emilia-Romagna ja ne, galibin wanda ake fitarwa waje mai zaƙi ne. Duk kwalbar da aka rubuta Champagne a kanta giya ce mai kusan kashi 12, domin sunan na wani yanki ne a arewa maso gabashin Faransa, wajen Reims da Épernay, kuma doka ta keɓe shi ga giyar can. Kafin a buɗe kowace kwalbar kyauta a nemi lambar da ke tare da "% vol", wadda ke nuna yawan barasa. Ana rubuta ta da ƙananan baƙaƙe a ƙasan takarda.

Ta ɓangaren kantuna, inda aka fi gazawa shi ne ajiya. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, kaya kuma sun riga sun sha rana a bayan tirela tun daga tashar jirgin ruwa. Zafi yana karya sinadarin da ke ba jan inabi launinsa, sai ya koma ruwan ƙasa, farin kuma ya yi duhu kamar shayi, ɗanɗanon ya koma na dafaffen sukari. Kantin da ke jera kwalabe a jikin gilashin gaba don masu wucewa su gani yana lalata kayansa da hannunsa. Ka ɗauki ta can ciki, ka ɗaga ta a haske. Idan launi ya juya, ko ka ga danƙo ya bushe a ƙarƙashin takardar wuya, ko wayar murfi ta yi tsatsa, mayar da ita ko da wa'adinta bai cika ba. A duba lambar NAFDAC, a kuma shafa wurin da aka buga ranar ƙarewar wa'adi. Wadda aka goge aka sake bugawa takan bar dusashewa a kewayenta. Kantunan da ke da na'urar sanyaya ɗaki da janareto sun fi tsada kaɗan, kuma a kan wannan kaya ƙarin ya cancanta.

Mai gas yana son sanyin digiri 6 zuwa 8: awa uku a firiji, ko rabin awa a kula mai ƙanƙara da ruwa rabi da rabi, domin ƙanƙara zalla ba ta taɓa jikin kwalba ko'ina. Kada a sa a firiza, ruwa na kumbura in ya daskare, kwalba ta fashe. Kwalba mai ɗumi ita ce ke harba murfi ta zubar da rabin abin da ke ciki, saboda ruwa mai zafi ba ya riƙe gas. A ɗora babban yatsa a kan murfi kafin a kwance waya, a karkata kwalbar nesa da fuskar mutane, a riƙe murfin a juya kwalbar a hankali. Murfin da ya kuɓuce yana iya fasa ido, kuma a wurin biki yara ne ke tsaye a gaba. Kwalba guda tana ba da ƙananan kofuna shida.

Masu ciwon suga su kiyaye. Ruwan inabi zalla yana da kusan giram 15 na sukari a mililita 100, fiye da Coca-Cola mai wajen giram 11. Kwalba guda ta haura giram 110, alhali ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babban mutum bai wuce kimanin giram 50 a yini ba. Rubutun "ba a ƙara sukari ba" gaskiya ne, amma na inabin kansa ya isa ya ɗaga suga, balle a kan cikin da ya wuni da azumi.

Da zarar an buɗe, yis na iska ya samu hanya. A cikin hadisin Ibn Abbas da Muslim ya ruwaito, ana jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha a ranar da washegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai a bayar ko a zubar. A zafinmu, in babu wuta, ba ya kai haka. Kamar fura ce da ta kwana a waje. A firiji mai aiki ruwan da ba shi da gas yana yin kwana biyar zuwa mako, mai gas kuwa yini ɗaya yake salancewa. Idan marar gas ya soma kumfa, ko kwalinsa ya kumbura, ko ka ji warin ƙullun burodi na tashi daga bakin kwalba, ya fara juyawa, zubarwa za a yi. Gidan da wutarsa ba ta tsayawa gara ya sayi ƙananan kwalabe ko kwali da za a shanye a zama ɗaya.