Faifan The Merchant of Venice na gidan wasan Globe: abin da darakta zai ɗauka a ciki

Kamfanin Opus Arte ne ya fitar da wannan faifan DVD na wasan kwaikwayon William Shakespeare da aka yi a gidan wasan Shakespeare's Globe da ke Landan a 2015. Jonathan Munby ne ya ba da umarni, Jonathan Pryce ya fito a Shylock, 'yarsa ta cikinsa Phoebe Pryce kuma ta fito a Jessica, 'yar Shylock. Duk mai shirin ɗora wasan nan a dandamali ya kamata ya zauna da shi, da rubutun wasan a hannu, domin Turancin tsoho ne.

Wahalar wasan sananniya ce. Shylock, wani Bayahude, ya ba da bashin dukat (kuɗin zinariya) 3,000 na wata uku, sharaɗinsa in ba a biya ba laba ɗaya ta tsokar jikin Antonio, ɗan kasuwar da ya ci bashin. In aka mai da Shylock mugu zalla, wasan ya zama cin mutuncin Yahudawa. In aka wanke shi tas, zaman kotu a kashi na huɗu ya rasa tsoronsa, don ba mai yarda cewa zai sa wuƙar. Munby ya warware wannan tun kafin a buɗe baki: ana tsakiyar shagalin titi sai aka far wa Yahudawa masu wucewa. Daga nan ɗan kallo ya san inda ƙullin ya samo asali. Pryce bai yi ihu ba. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, irin ta wanda ya daɗe yana haɗiye wulaƙanci, sai bayan guduwar Jessica daga gidansa ne fushin ya fashe. Gardamar da uba da 'ya suka yi da Yidish, harshen Yahudawan Turai, ƙari ce da ba ta cikin rubutun, amma ta nuna gidan da yarinyar ta baro.

Ƙarshen ne ya fi cancantar nazari. A rubutun Shakespeare, Shylock na fita daga kotu ba ya sake bayyana, kashi na biyar kuwa raha ce kan zobba. Wasanni da yawa a nan suke karyewa, jama'a su tashi suna dariya sun manta da wanda aka tilasta wa barin addininsa. Munby ya dawo da shi cikin farar riga ana yi masa baftisma da Latin, Jessica na rera kukanta a gefe. Abin yana taɓa zuciya ƙwarai, sai dai yana buƙatar ɗan wasa mai iya riƙe shiru; in babu shi, zai zama wa'azi.

Inda faifan ya gaza: Globe ba shi da rufi a tsakiya, 'yan kallo a tsaye suke kewaye da dandamali, kyamara kuwa tana yawan matsowa kan fuska, sai ka rasa yadda aka jera mutane a fagen kotu. Barkwancin Launcelot Gobbo, baran Shylock, da 'yan kallo ma ya fi armashi ga wanda ke wurin. Ya kamata darakta mai nazari ya tsayar da faifan a wurare masu faɗin hoto, ya zana tsayuwar kowa a takarda.