Kafin ka sayi ekistenda a Alaba, ka tambayi yadda take yi da EDID

Idan ka je sayen ekistenda, wato akwatuna biyu, na aikawa da na karɓa, da ke kai hoto da sautin HDMI nesa ta dogon kebul, mai shago a kasuwar Alaba ko Computer Village ta Ikeja da mita zai fara yi maka talla: wannan tana kai 60, waccan 100. To amma abin da ya fi wahalar da masu gidan kallon ƙwallo a Agege da Idi-Araba ba tsawo ba ne. Hoto ya ƙi fitowa, ko ya fito babu sauti, sau da yawa daga EDID ne.

Kowace talabijin da furojekta na ɗauke da ɗan bayanin kanta da ake kira EDID, bayit 128, galibi da ƙarin wasu 128, bisa tsarin da ƙungiyar VESA ta fitar tun 1994. A ciki akwai sunanta, girman hoton da take iya nunawa, 1080p ne ko 4K, da irin sautin da take ganewa. Dikoda ko kwamfuta kan karanta wannan ta fil na 15 da na 16 na bakin HDMI kafin ta turo komai. Da ka sa ekistenda a tsakani, wa zai kai mata saƙon?

Wasu ekistendoji suna miƙa shi kai tsaye daga talabijin. Gaskiya zalla ke nan, kuma idan talabijin ɗaya ce, ta wadatar. Matsalarsu wutar Legas: duk sa'ad da aka ɗauke ko aka koma janareta, sai dikoda da talabijin sun sake gaisawa daga farko, allo ya yi baƙi ana tsakiyar wasa.

Masu arha da yawa ba sa tambayar talabijin ma. Suna da amsa guda a haddace, yawanci 1080p da sautin sitiriyo. Ga yawancin talabijin babu laifi. Amma tsohuwar furojekta da ba ta kai nan ba za ta ƙi hoton, mai 4K kuwa ka biya kuɗin abin da ba za ka gani ba.

Wadda nake ba da shawara ita ce mai kwafa. Ka haɗa talabijin, ka danna maɓalli ko ka juya ƙananan makunnan da ke gefen akwatin aikawa, ta adana bayanin a cikinta. Daga nan ko an kashe talabijin, dikoda na ganin kamar tana nan. Idan kana raba hoto zuwa talabijin uku ko huɗu, kwafi ta mafi rauni a cikinsu, don sauran za su iya karɓar abin da ta iya. Mai gidan kallo, nan ya kamata kuɗinka ya tafi.

Abu ɗaya ba ya kwafuwa: HDCP, makullin hana satar hoto, wanda shi ma ta waɗannan fil ɗin yake bi. Shi ya sa kebul na da muhimmanci ko da ka sayi ekistenda mai fasahar HDBaseT, wadda ke kai mita 100. Nemi kebul ɗin sadarwa na Cat6 mai jan ƙarfe zalla, ka guji mai rubutun CCA, alminiyam ne aka yi wa rufi da jan ƙarfe.

A shago kuwa, ka ce a gwada da cikakken tsawon kebul ɗin da za ka saya, a kashe talabijin a kunna, ka ga ko hoto da sauti sun dawo da kansu.