Fender Rumble 500: amfilifayar bes da ta dace da aikin Kaduna, da wuraren da za ta ba ka kunya

A majami'un Sabon Tasha da Narayi, da ɗakunan biki na Barnawa, mai jitar bes ne aka fi zalunta a cikin makaɗa. Ganguna na tashi, fiyano na tashi, mawaƙa kowa da makirufonsa, shi kuwa ana ganin yatsunsa na aiki amma abin da ke isa kunne wani gurnani ne marar kan gado. Galibi hannunsa ba shi da laifi. An haɗa shi ne da amfilifayar da aka ƙera don jita ta yau da kullum, ko aka cusa shi cikin sifikar fiyano. Tsirkiyar E, wadda ta fi kauri a bes mai tsirkiya huɗu, tana kaɗawa sau 41 ne kawai a daƙiƙa ɗaya, ta B kuma a mai tsirkiya biyar sau 31. Sauti mai zurfi haka sai an ture iska mai yawa kafin ya fito, kuma ture iska aikin ƙarfin wuta ne da faɗin sifika. Da wannan ma'aunin za mu duba Fender Rumble 500.

Kamfanin Fender ba baƙo ba ne a harkar. Shi ya fitar da jitocin bes na Precision Bass a 1951 da Jazz Bass a 1960. Jerin Rumble na yanzu, mai fuskar yadi launin azurfa, ya fito a 2014. Ta 500 ɗin akwati guda ce da ta haɗa amfilifaya da sifika biyu masu faɗin inci 10, da ƙaramar sifikar sauti mai kaifi wadda ake iya kashewa da maɓalli. Nauyinta kilo 16 da rabi. Mutum ɗaya zai ɗauke ta da hannu guda, ya ɗora a bayan keke daga Kakuri zuwa Unguwar Rimi ba tare da neman mataimaki ba. Wanda ya taɓa jan tsofaffin akwatunan bes, irin na Ampeg SVT mai sifika takwas da ya fito tun 1969, ya san darajar wannan sauƙi. Sirrin rashin nauyin shi ne injinta irin na zamani ne da ake kira Class D, babu ƙatuwar taransifoma a ciki, katakon akwatin kuma marar nauyi ne.

Abu na farko da mai saye ya kamata ya sani, kuma masu shago ba kasafai suke faɗa ba, shi ne wat 500 ɗin nan da ke cikin sunan ba ya fitowa idan tana ita kaɗai. Sifikunta na ciki om 8 ne a haɗe (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da ke ratsa ta), kuma a kan om 8 wat 350 take bayarwa. Sai ka ƙara mata wani akwatin sifika mai om 8 ta ramin da ke bayanta, lissafin ya sauko om 4, sannan ta saki 500 ɗin. Wannan ba yaudara ba ce, haka amfilifayoyi da yawa suke, amma gara ka sani kafin ka biya. Kuma kada lissafin wat ya ruɗe ka: ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa a ma'aunin ƙarfin sauti, ƙarin da kunne ke ji kaɗan. Abin da ke sa a ji bambanci sosai idan an ƙara akwati na biyu shi ne faɗin sifika ya ƙaru, iskar da ake turawa ta yi yawa, kuma sifikun sama sun matso kusa da kunnen mai kaɗawa.

A nan ne ake yin ɓarna mafi yawa. Ramin nan na baya om 8 yake so, kada a yi ƙasa da haka. Idan aka ɗauko akwati mai om 4 daga kayan majami'a aka jona, jimillar za ta faɗi ƙasa da om 3, injin ya ja wutar da ta fi ƙarfinsa, ya yi zafi, ya riƙa ɗaukewa a tsakiyar waƙa, wata rana kuma ya ɗauke bai dawo ba. Akwatunan da ake haɗawa a gida sun fi haɗari, domin abin da aka rubuta a jiki ba lallai ya zama abin da ke ciki ba. Mita ta masu gyaran rediyo za ta raba gardama: ɗora ta a bakin wayar akwatin, idan mai om 8 ne za ka ga tana nuna tsakanin 5 da rabi zuwa 7, idan ta nuna wajen 3 to mai om 4 ne, a ajiye shi gefe. Akwatunan Rumble 210 da Rumble 115 duk om 8 ne, an yi su don wannan haɗin. Sai maganar waya: wayar jita da wayar sifika bakinsu iri ɗaya ne amma cikinsu daban. Ta jita siririn zare ne guda da aka lulluɓe da raga don hana ƙara shiga, ba a yi ta don ɗaukar wuta mai ƙarfi ba. Idan aka sa ta tsakanin amfilifaya da akwati za ta yi zafi, robar ciki ta narke, zaruruwan su haɗu, abin da zai biyo baya kuwa kuɗin gyara ne. Kwance murfin bakin wayar ka duba. Ta sifika zare biyu ne masu kauri ɗaya, kowanne da rigarsa.

Sautinta mai kauri ne da ɗumi tun kafin a taɓa komai, wanda ya dace da kiɗan yabo da hailaif da rege. Mamurɗan gyaran sauti huɗu ne a saman akwatin: Bass yana aiki wajen kaɗawa 80 a daƙiƙa, Low Mid wajen 280, High Mid wajen 1,200, Treble kuma can sama wajen 10,000. Akwai maɓallai uku, Bright da Contour da Vintage. Contour shi ne tarkon. Yana rage tsakiyar sauti ya ɗaga ƙasa da sama, a cikin shago ko ɗaki kai kaɗai sai ka ji daɗi har ka gyaɗa kai. Da zarar mai ganga ya shigo, fiyano ya biyo, sai ka ɓace, domin tsakiyar da aka cire ita ce ke sa a gane wace murya kake bugawa. Ga mai kaɗawa cikin jama'a, a bar shi a kashe. A ɗakin da ke da daɓen tayil da rufin kwano, kamar yawancin majami'unmu, a ɗauki kowane mamurɗi kamar fuskar agogo, a mayar da Bass baya zuwa wajen ƙarfe 11, a ɗaga Low Mid zuwa ƙarfe 1, High Mid ƙarfe 1 ko 2. Mutane da yawa idan ba a jin su sai su ƙure Bass, abin da ke ƙara gurnani ya cinye ƙarfin injin a banza. Idan ka leƙa ta cikin yadin fuskar ka ga fatar sifika na fita tana komawa da nisa, tana wani ɓaf-ɓaf kamar ana kaɗa tabarma, ka wuce iyaka. Rage Bass kafin ka rage Master, mamurɗin ƙarar gaba ɗaya.

Vintage yana danne sautin ya yi laushi, yana da amfani ga waƙoƙi masu sanyi. Overdrive ɗin da ke ciki, mai sa sauti ya yi tsagewa da gangan, matsakaici ne, kuma kiɗanmu bai cika buƙatarsa ba.

Wurin ajiye ta ma yana canza sauti. A kusurwar ɗaki bango biyu ne ke mayar da zurfin, sai ya kumbura ya rufe komai. A janye ta kamar taku ɗaya daga bango. Idan dandamalin katako ne mai rami a ƙasa, a ɗora ta a kan kujera mai ƙarfi ko tebur gajere, domin katakon yana amsawa kamar ganga.

Inda ba ta gamsar ba shi ne ramin XLR da ke kai sauti wurin miksa, na'urar da injiniyan sauti ke haɗa sautin dukkan makaɗa da ita. Yana da maɓallin yanke ƙasa, wanda ke kashe ƙugin nan da ke tasowa idan amfilifaya da miksa suna shan wuta daga soket daban-daban, wannan kam ya yi. Amma babu maɓallin da zai ba injiniyan sauti muryar jitar tsantsa. Duk abin da ka murɗa a saman akwatin yana bin wayar ya isa wurinsa. Ka gyara sauti don kunnenka a kan dandamali, shi kuma a can baya nasa lissafin ya rushe. Maganin shi ne ƙaramin akwatin DI, mai raba sautin jita gida biyu, a tsakanin jita da amfilifaya: reshe ɗaya ya tafi miksa, ɗaya ya shiga Rumble ta zama taka ta saurare. SansAmp Bass Driver na kamfanin Tech 21 shi ne sananne, Behringer BDI21 kuma yana yin kusan aikin a farashi mai sauƙi, sai dai jikinsa roba ne, ba ya son a taka shi da ƙarfi. Wannan haɗin ne kuma amsar taron fili. Sifika biyu na inci 10 ba za su cika wuri irin Dandalin Murtala ko filin makaranta ba, domin a waje babu bangon da zai dawo da zurfin sauti. A can manyan sifikun taro ne ke ɗaukar bes.

Babban abokin gabarta a garin nan wuta ce. Nijeriya tana kan bolt 230, Amurka kuma 120, kuma ana ƙera Rumble daban-daban gwargwadon ƙasar da za a kai ta. Tokumbo da yawa daga Amurka suke zuwa. Kafin ka sa filogi, juya bayanta ka karanta ƙananan rubutun da ke kusa da ramin wayar wuta. Idan 120V ka gani, kada ka jona ta kai tsaye ko da na daƙiƙa ɗaya ne, ƙara ɗaya za ka ji da warin ƙuna. Tana buƙatar taransifomar rage wuta mai aƙalla wat 1,000, wadda nauyinta zai cinye sauƙin ɗaukar da ka saya. Mai 230V ita ce ta nan, ko da ta ɗan fi tsada. Ko ita ma a sa mata sitabilaiza tata ta kanta, kada a haɗa da firiji ko fanka. Lokacin sauya wuta daga NEPA zuwa janareta, a kashe amfilifaya tukuna, a bar janareta ya daidaita muryarsa na minti ɗaya ko biyu, sannan a kunna. Ita ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa. Dalilin wannan takatsantsan shi ne irin injin nata. Tsohuwar amfilifaya mai taransifoma, mai gyaran rediyo na unguwa zai buɗe ya canza abin da ya ƙone. Ita wannan allo ne mai ƙananan sassa kamar ƙwayar gero, sau da yawa sai dai a canza allon gaba ɗaya, samunsa kuma sai an aika Legas ko waje an jira.

Wanda zai sayi ta hannu ya je da jitarsa. Ya buga E a buɗe a hankali ya bar ta ta mutu da kanta, yana saurarar ko akwai karce ko zizar da ke bin sautin, alamar naɗin cikin sifika ya taɓa ƙonewa ke nan. Ya murɗa kowane mamurɗi daga farko zuwa ƙarshe, ya gwada XLR a miksa, ya bar ta a kunne tana aiki na minti 20, domin wasu cututtukan sai ta yi zafi suke bayyana.

Idan aikinka atisaye ne da ƙaramin ɗaki, Rumble 100 mai sifika ɗaya ta inci 12 da nauyin kilo 10 ta ishe ka. Rumble 40 ta koyo ce a gida, mai ganga mai nauyin hannu zai binne ta.

Hunturu na da nasa haraji. Ƙura tana shiga mamurɗan da ke fuskantar sama, sai ka ji ƙarar-ƙarar idan ka juya su. A rufe ta da riga ko zane mai kauri duk lokacin da ba a aiki, a riƙa fesa maganin wanke mahaɗar lantarki kaɗan a ramuka, kada a kusance su da man inji ko kananzir. Bushewar iskar Disamba da Janairu tana taɓa jitar ma. Katakon wuyan yana tsukewa, sai ka ji bakin ƙarafunan wuya na kartar tafin hannu idan ka zame, tsirkiya kuma ta fara ziza, a ɗora wa amfilifaya laifin da ba nata ba. Danna tsirkiyar E a ƙarfe na farko da na ƙarshe, ka duba tazarar da ke tsakaninta da ƙarfe na 8. Wajen milimita 0.3 ake so, kaurin katin kasuwanci. Idan ta kwanta a kai, sassauta sandar ƙarfen da ke cikin wuyan jitar, mai daidaita lanƙwasarsa, da rubu'in juyi, ka bari ta kwana kafin ka ƙara. Damina na sauka wuyan zai sake motsi, a sake aunawa. Mai bes da ke amfani da batirin bolt 9 kuma ya zare waya daga jikin jitar bayan an tashi, domin shigar wayar ce ke kunna batirin, kuma batiri mai mutuwa yana fitar da sauti mai tsagewa irin na sifikar da ta fashe. Saka sabon batiri kafin a kwance ko ƙusa ɗaya a jikin akwatin amfilifayar.