Ƴar akwatin fentin ruwa ta Cotman mai kala 12, ta isa zanen dajin kaka kuwa?

Ta isa wallahi, har da saura. Wannan ita ce ƙaramar akwatin aljihu ta kamfanin Winsor & Newton, tsohon kamfani ne na Landan tun 1832, sunan Cotman ɗin ma na wani mai zanen ƙasar Ingila ne, John Sell Cotman. Na ƴan koyo aka yi ta amma kar wannan ya sa ka raina ta.

In zanen dajin ƙasashen sanyi kake so, lokacin da koren ganye ke janyewa rawaya da ja su fito, to kaloli uku ne za su riƙe maka aikin: Yellow Ochre (rawaya mai ruwan ƙasa), Burnt Sienna (ruwan ƙasa mai ja-ja) da Burnt Umber (ruwan ƙasa mai duhu). Asalinsu kalolin ƙasa ne masu sinadarin tsatsar ƙarfe, shi ya sa ba sa ihu a kan takarda, suna zama lafiya lau kamar busasshen ganye na gaske. Ni Burnt Sienna ce ta fi burge ni, ka tsarma ta da ruwa sosai ta ba ka jikin barewa, ka ƙara mata kauri ta zama ganyen da ya zube a gindin bishiya, in kuma ka haɗa ta da shuɗin Ultramarine sai ka samu toka-toka mai duhu na kututture da inuwa, kai har idon kurege da ita za ka ɗiga. Babu baƙi a akwatin kuma gara haka, baƙi kashe hoton daji yake.

Abu biyu dai a kula. Fentin ruwa in ya bushe yana yin haske fiye da yadda ka shafa shi, don haka ja da ruwan lemu a sa su da ɗan ƙarfi. Sannan farin kirjin dabba ko ƙasan wutsiya, farin takardar za ka bari tun farko, kar ka ce sai daga baya.

Ɗan burushin da ke ciki na ƙananan abubuwa ne, reshe, kunne, gashi. Sararin sama da hazon bayan bishiyoyi kam sai ka nemi babba mai shan ruwa, da takarda mai kauri 300gsm (gsm ma'aunin nauyin takarda ne) don kar ta yi ta lanƙwashewa.