Wasiƙa daga Liyon: injin da zai iya zafin Garwa

Auta, salamu alaikum.

Ya jikin Hajiya, ya kuma zafi? Na san yanzu Binuwai ta ja da baya, yashi ya fito, kowa ya koma kwana a tsakar gida. Jerin kayan da ka turo ya iso. Da gangan na ƙi amsa maka da murya a WhatsApp, don na san halinka, za ka ji minti guda ka ce ka gane. Zauna ka karanta.

Ka ce aikin bidiyon biki ya yi maka yawa, tsohuwar kwamfutarka sai ta kwana tana fitar da fim ɗaya, dangin amarya kuwa ba su san haƙuri ba. Kana son furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, Core i5-13600K, da madabod, allon da ake dasa sauran kayan a kai, mai Z790, da katin hoto RTX 4070, sannan ka yi mata obakulok, wato ka ƙure wa furosesa gudu fiye da inda kamfani ya tsayar da ita. Zaɓin ba laifi. Harafin K ɗin nan alama ce ta an bar ƙofa a buɗe, madabod mai Z kuma ita ke ba ka damar shiga. Layin ƙarshe ne ya hana ni barci, inda ka ce fanka da akwatin wuta, mai rarraba wa kayan injin lantarki, za ka nema a babbar kasuwa. Ka sayi ingarman doki, ka ce linzami da harawa ko wane iri ne.

Bari in fara da zafi, don nan ne Baturen da kake kallo a YouTube ya ɓatar da kai ba da niyya ba. Shi ɗakinsa yana kan digiri 21 ko 22. In ya nuna maka furosesa tana 80 a tsakiyar aiki, ma'anarsa na'urar sanyayarsa ta bar ta da 58 a saman zafin ɗakin. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar da ta tarar ita take turawa. To ɗauko injin nan ka ajiye a shagonka na Yelwa a watan Afrilu, ƙarƙashin kwano, ɗaki yana 40. Ƙara 58 ɗin a kai da kanka. Ka kai 98. Wannan furosesa iyakarta 100, da ta isa nan sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Tun ba ka taɓa komai ba, Garwa ta riga ta cinye filin da Bature yake sukuwa a ciki.

Ba ji na yi ba, gani na yi. A watan Agustan 2023 zafin Liyon, nan Faransa, ya haura 40. Yawancin gidajen nan ba su da esi, ni kuma ɗakina a hawa na ƙarshe yake, dab da rufi. Mutanen gari suna ta koke-koke, ina dariya ina ce musu wannan a wurinmu hantsi ne. Ashe ni ma ban tsira ba. Kwamfutata da na yi wata shida ina taƙama da saitinta ta fara ɗaukewa tsakiyar aiki. Kwana uku ina zargin manhaja. Da gari ya huce, sai ta warke ba magani.

Ga kuma lissafin da masu bidiyon ba su cika tsayawa a kai ba. Kafin furosesa ta yarda ta wuce ƙima, sai an ƙara mata bolt, wato ƙarfin turin wutar da take samu, zafin da take fitarwa kuwa ba ya bin bolt ƙafa da ƙafa, bolt sau kansa yake bi. A ce ka ɗaga daga 1.20 zuwa 1.35, gudu ya ƙaru da kashi 6 cikin ɗari. Zafi zai ƙaru da wajen kashi 34. Ribar fa? Fim ɗin awa ɗaya zai fita a minti 56 da ɗoriya. Minti uku da rabi, ko shayin farko bai tafasa ba. Bayan haka yawan bolt yana cin furosesa a hankali kamar gara. A 2024 Intel da kansa ya amince cewa wasu furosesa na zango na 13 da na 14 suna lalacewa saboda bolt ɗin da ya yi musu yawa, ya fitar da gyara ta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod, ya ƙara shekara biyu a kan garanti. Taka tana cikin wannan zangon, don haka ranar da ka haɗa injin, sabunta BIOS ne aikin farko. Ni da za ka ji tawa ma, akasin abin da kake so za ka yi: ka riƙa rage bolt kaɗan-kaɗan kana gwadawa, har ka sami inda take tsayawa daram ba ta ɗaukewa. Gudu yana nan kusan yadda yake, zafi ya sauka. In hunturu ya zo, ɗaki ya yi sanyi da asuba, sai ka yi wasan obakulok ɗinka ka kashe ƙwarnafi.

Na'urar sanyaya iri biyu ce. Na shiga shagon LDLC, wanda asalinsa na nan Liyon ne, na tsaya gaban kantar har mai shagon ya zo yana tambaya ko lafiya. Akwai ta ruwa: ɗan famfo a kan furosesa, tiyo biyu, da lagireto mai tsawon milimita 240 ko 360, ga fitilu kala-kala kamar motar amarya. Na san ita ranka yake so. Tana aiki, ban musa ba. Amma famfon nan yana mutuwa, ruwan kuma yana raguwa da shekaru. A nan in ya mutu, ka danna waya, jibi mai kawo kaya ya buga ƙofa. A Garwa in ya mutu ana saura kwana biyu ka miƙa fim, wa za ka kira? Ta iska kuwa tulin siraran ƙarafa ce da bututun tagulla, abin da ke motsi a jikinta fanka ce kaɗai, kuma fanka mai milimita 120 ko a matacciyar kwamfuta za ka ciro. Noctua NH-D15 ita ce sarauniyarsu, ta fi kilo guda, kuɗinta ya kai yuro ɗari. Thermalright Peerless Assassin 120 kuwa wajen yuro 40 na gan ta, sefa dubu 26 ke nan tunda yuro ɗaya sefa 656 ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tazarar kuɗin ba. Thermalright ɗin na saya maka, da bututu biyu na man nan mai launin toka da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfe. Ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa, kada ka laɓta kamar man shanu a tuwo.

Ƙura ce abin da ba su sani ba a nan. Ni sau biyu a shekara nake buɗe tawa. Kai in hazo ya sauka, mako uku ya isa ƙarafan su toshe kamar an lulluɓe su da bargo. Nemi akwati mai raga a gaba da matacin ƙura, ka sa fankokin shigar da iska su fi na fitarwa yawa don kada ƙura ta riƙa kurɗawa ta ramuka, ka ɗora injin a tebur ba a ƙasa ba. In za ka hura da bulowa, riƙe fanka da yatsa.

Yanzu akwatin wuta, wanda 'yan kasuwarmu ke kira alimantasiyo. Intel ya rubuta wat 181 a matsayin ƙololuwar abin da furosesarka ke sha, in ka zabure ta za ta wuce 200. Katin hoto 200 ne. Madabod da sauran tarkace a ba su 70. Ka ga an doshi 500. Saboda haka 750 za ka sa, don akwatin wuta ya fi jin daɗin aiki in bai ɗauki kaya har wuya ba, katin hoto kuma yakan yi fizgar wuta ta ƙiftawar ido wadda ta fi abin da aka rubuta.

Sai dai lambar da ke jikin kwali ba ita ce magana ba. Ka tuna wanda na saya a kasuwa kafin in taho, an rubuta 650 da manyan haruffa, ka ɗaga shi kamar gwangwanin madara da ba komai? Wata huɗu ya yi, ya tafi da madabod da faifan da hotunan auren Yaya suke ciki. Da na koma wurin mai shagon, cewa ya yi ai a gabana aka gwada ya kama. Kuma gaskiyarsa, haka cinikin yake a gida: an gwada, ya kawo wuta, an rabu. Arha ba ta ado. Na ƙwarai za ka ga an rubuta cewa yana ba da cikakken ƙarfinsa har a zafin digiri 40 ko 50, na bogi kuwa bakinsa alaikum a kan wannan. Alamar 80 Plus Gold tana nufin wajen kashi 90 na wutar da ya ja daga bango tana isa injin, saura kaɗan ke zama zafi. Ka kuma duba ka ga an rubuta bolt 100 zuwa 240, don irinsa ba ya damuwa in wuta ta sauko ƙasa da 220 da magariba.

Abin da ya fi burge ni a nan ba yawan kaya ba ne, rasit ne. Doka ta ba ka garantin shekara biyu a kan sabon kaya, mai shago ba shi da ta cewa. Abin da ka saya ta intanet kuma kana da kwana 14 ka mayar ko da ra'ayi kawai ka canja. Irin su Seasonic da Corsair har shekara goma suke bayarwa a kan manyan akwatunansu. Amma kada ka yi murna, wannan alkawari ba ya hawa jirgin ƙasa zuwa Ngaundare. Kuɗin dawo da akwatin nan Faransa ya kusa kuɗin sabo. Amfanin garantin a wurinka ɗaya ne: wanda ya yarda ya tsaya wa kayansa shekara goma, ba gwangwani ya sayar maka ba.

Kada kuma ka ɗauka komai na nan ya fi. A gyara, mun fi su nesa ba kusa ba. Nan kuɗin hannun mai gyara kaɗai yakan fi kuɗin sabo, shi ya sa madabod mai kumburarren kafasito ɗaya sai a jefar. Tsohon nan mai gyaran rediyo a bayan tasha, da dalma da tabarau mai ɗaurin zare, zai tayar da ita kafin la'asar. Na sha tuna shi in na ga abin da ake zubarwa. Kai dai kada ka buɗe cikin akwatin wuta da hannunka, yana riƙe wuta ko an zare shi daga bango.

Wutar gari kuwa, shekara nawa ina nan, ɗaukewar da na gani ba ta cika yatsun hannu ɗaya ba, har mutum ya manta akwai wani abu UPS, akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Ku kuwa kun dogara da madatsar Lagdo, wadda 'yan Sin suka gina aka gama a 1982, mai megawat 72, kuma ruwanta yana yin ƙasa ne daidai lokacin da zafi ya kai maƙura, kowa ya kunna fanka. Don haka UPS a wurinka wajibi ne. Ka kula, VA ɗin da ake rubutawa a jikin UPS ba wat ba ne: mai 1000 VA sau da yawa wat 600 kawai yake ɗauka, injinka da allo sun cika shi. Nemi 1500 VA, kuma wanda ke fitar da wuta mai santsi irin ta gari, don akwatunan wuta na zamani sukan ɗauke in aka ba su mai tsalle-tsalle irin ta masu arha. Wannan ba zan aiko ba, batir ne, nauyinsa kaɗai zai cinye rabin kilo 23 ɗin jakar jirgi. Sa a kawo maka daga Duwala ko Yola. In ta Yola ya zo, filoginsa mai ƙafa uku ne irin na Ingila, ka canja waya gaba ɗaya, ban da adaftan nan mai lilo da ke yin zafi. Kayan da zan aiko kuwa filoginsu ɗaya da namu.

Sannan ka kira mai wayarin ya kafa maka ƙarfen ƙasa a shagon kafin damina. Na tuna yadda tsohon injinka yake ɗan jan mutum in an taɓa shi ba takalmi. Ba tare da wayar ƙasa ba, soket ɗin kariya da kake taƙama da shi ado ne kawai. In hadari ya haɗu da tsawa, zare komai daga bango.

Kawu zai taso bayan Salla, ta Yawunde zai bi. Zan ba shi akwatin wuta mai 750, da na'urar sanyaya, da man, da fanka biyu na ajiya, kowanne a kwalinsa. In ka tashi kai injin wani gari aiki, kwance na'urar sanyayar da katin hoto tukuna, don ƙarfe mai nauyi a rataye jikin madabod ba zai jure ramukan hanyar Ngaundare ba. Kafin nan sayi ɗan ma'aunin zafi na bango, ka rataya inda injin zai zauna, ka turo min abin da ya nuna da ƙarfe biyu na rana har kwana bakwai. Da wannan lambar zan faɗa maka inda za ka tsayar da bolt.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata maganin ƙafarta yana cikin jakar, a aljihun gefe. Kilishin da kuka aiko ya ƙare tuntuni.

Yayanka.