Saƙo daga Kanada: injin da ke kama niyyar hannu kafin ya motsa

Malam, ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Ga bayanin kayan aikin auna ƙarfi da motsin hannu da ka ce in aiko.

Gwajin da ka koya mana bai tsufa ba. A asibitocin nan ma ana cewa mai shanyewar ɓarin jiki ya tura hannun likita, a ba shi maki daga 0 zuwa 5 a ma'aunin ƙarfin tsoka na MRC, kuma Jamar mai auna damƙa har kilo 90 yana nan. A ɗakin bincike ne tambayar ta sauya: bayan ido ya ga alama, yaushe ƙarfi ya fara fita, kuma wane ɓangare ya nufa?

Injin da muke aiki da shi Kinarm ne, wanda Farfesa Stephen Scott na Jami'ar Queen's da ke Kingston ya ƙirƙiro. Mutum zai zauna ya kama mariƙi, hannun a ɓoye ƙarƙashin madubi, ɗigon haske kawai yake gani a madadinsa. Sai wani ɗigon ya ɓullo dama ko hagu, ya kai masa hannu. Injin yana ɗaukar awo sau 1,000 a daƙiƙa guda. Lafiyayyen mutum kan ɗauki kusan rubu'in daƙiƙa kafin hannu ya tashi, amma in aka manna wa kafaɗa wayoyin sauraron tsoka, sai ka ga ta amsa tun wajen milisakan 100, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Wannan ko idon gwani ba ya kamawa.

Amurka na da nasu, MIT-Manus, amma shi ya fi karkata ga jinya, yana taya hannun da ya gaza ƙarasa tafiya.

Abin da ya fi burge ni ɗan ƙaramin abu ne da bai kai ƙwayar wake ba, mai jin haske, an liƙa shi da salatif a kusurwar allon da ke nuna ɗigon. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa na iya jinkirta alamar da milisakan 16 da ɗoriya, kuma kwamfuta ba za ta faɗa maka ba. Wannan ɗan abin ne ke shaida ainihin lokacin da hasken ya fito. Haka ma ma'aunin ƙarfi, ba a yarda da shi sai an rataya masa kilo ɗaya an ga ya nuna kusan niyuton 9.8 (niyuton shi ne awon ƙarfi). Wurin hidima kam mutanen nan sun yi zarra: kamfanin injin na duba manhaja ta intanet, kuma akwai ma'aikacin da kula da injin ne aikinsa.

Don haka, Malam, kada a fara da neman babban injin. A samu ma'aunin ƙarfi mai kyau, da Arduino (ƙaramar na'urar lantarki mai karanta awo), da ɗan mai jin hasken nan, ɗalibai su haɗa da kansu. Zan turo zanen haɗin wayoyin in ka amince.